Wilder Penfield: likitan da ya nemo gurbin farfaɗiya cikin ƙwaƙwalwa

Farfaɗiya tsohuwar cuta ce, babu ƙasar da ba a san ta ba. Mutum yana cikin harkarsa lafiya lau, sai ta kayar da shi, jikinsa ya sandare, ya yi ta karkarwa, kumfa tana fita daga bakinsa. Bayan ɗan lokaci ya farfaɗo, bai san abin da ya same shi ba. Da yake ba a ganin rauni ko zazzaɓi, al'ummomi da yawa sun ɗora ta a kan iskoki ko sammu, suka riƙa gudun mai ita. Tun wajen shekara 400 kafin haihuwar Annabi Isa, wani littafi na almajiran Hipokrat, likitan ƙasar Girka, ya bayyana cewa cuta ce kamar sauran cututtuka, kuma tushenta cikin ƙwaƙwalwa yake. Amma an daɗe ƙwarai ba a sami wanda ya nuna wurin da ido ba.

Cikin waɗanda suka nuna shi akwai Wilder Penfield, likitan fiɗar ƙwaƙwalwa, haifaffen Amurka, wanda ya yi yawancin aikinsa a jami'ar McGill ta birnin Monreyal, ƙasar Kanada. Dabararsa ita ce ya buɗe kan marar lafiya yana farke, ya riƙa taɓa ƙwaƙwalwa wuri-wuri, yana tambayar mai ita abin da yake ji. Ta haka ya warkar da mutane masu yawa, ya kuma zana taswirar ƙwaƙwalwa wadda ɗaliban likita ke koyo har yau.

Ƙuruciya da karatu

An haife shi ran 26 ga Janairu, shekara ta 1891, a garin Spokane, can arewa maso yammacin Amurka. Ubansa likita ne, amma aikinsa bai ci gaba ba, har gida ya rabu. Cikin shekara ta 1899 uwarsa, Jean Jefferson Penfield, ta kwashe ƴaƴanta ta koma gidan iyayenta a garin Hudson, cikin jihar Wisconsin. Ita ta yi renonsa, ta kuma sa hannu wajen kafa lakwal ɗin da ya yi karatun sakandare.

Yana da shekara 13 uwar ta ji labarin wani burs, wato kuɗin tallafin karatu, mai sunan Rhodes, wanda ake ba samari masu hazaka su tafi jami'ar Oksfod ta Ingila. Ta sa masa wannan buri a zuciya. Ya shiga jami'ar Princeton a 1909, ya yi suna wajen ƙwallon Amurkawa, ya gama a 1913. Karo na farko da ya nemi burs ɗin bai samu ba. Ya sake nema, aka ba shi, ya isa Oksfod a farkon 1915, yaƙin duniya na farko yana ci.

A can ya gamu da malamai biyu da suka gyara masa hanya. Na ɗaya Charles Sherrington, masanin jijiyoyi, wanda ya koya masa gwaji cikin ɗakin bincike: yadda ake kafa tambaya, a gwada a jikin dabba, a rubuta abin da ido ya gani kaɗai. Na biyu William Osler, babban likita ɗan Kanada, wanda ya koya masa zama kusa da gadon marar lafiya da sauraron bayaninsa.

Ran 24 ga Maris 1916, yana kan hanyar zuwa Faransa don aikin taimako a wani asibitin sojoji, jirgin ƙarƙashin ruwa na Jamus ya harbi jirgin da yake ciki, mai suna Sussex. Ya tsira da rai, amma ƙafarsa ta karye. A gidan Osler ya yi jiyya. Cikin 1917 ya auri Helen Kermott, wadda suka haifi ƴaƴa huɗu da ita, sa'an nan a 1918 ya sami takardar lokotoro a jami'ar Johns Hopkins. Ya ƙara koyon aiki a Bostan, inda Harvey Cushing, uban fiɗar ƙwaƙwalwa a Amurka, yake aiki, da kuma asibitin cututtukan jijiya na Queen Square a Landan. A 1921 ya kama aikin fiɗa a birnin Niyok.

Tambayar tabo

A lokacin an riga an san wasu abubuwa. Cikin 1870 Jamusawa biyu, Fritsch da Hitzig, sun sa ƴar wutar lantarki a ƙwaƙwalwar kare, suka ga ƙafar ɗaya gefen ta motsa. A Landan, likita John Hughlings Jackson ya lura cewa wasu masu farfaɗiya karkarwa takan fara musu daga babban yatsa, ta hau hannu, ta kai fuska. Daga nan ya fahimci cewa faɗuwar tana tasowa ne daga wani gungu na ƙwayoyin ƙwaƙwalwa da ke ɓarkewa da aiki fiye da kima, sa'an nan abin ya bazu zuwa maƙwabtansu. A 1886 Victor Horsley ya cire tabo daga ƙwaƙwalwar wani saurayi da keken doki ya taka tun yana yaro, faɗuwar ta tsaya. Magani kuwa biyu ne kawai masu amfani: bromid, tun 1857, da fenobarbital, tun 1912. Wanda waɗannan ba su yi masa aiki ba, sai haƙuri.

A Niyok Penfield ya riƙa ganin mutanen da suka sami rauni a kai, raunin ya warke, bayan watanni ko shekaru farfaɗiya ta kama su. Ya tambayi kansa: mene ne cikin tabo da ke tayar da cutar? Ya yi gwaji a kan dabbobi, amma da ya duba naman ƙarƙashin madubi mai ƙara girman abu, rinin da yake da shi bai fito da ƙwayoyin da ke haɗa tabon ba. Ya ji cewa a Madrid, ƙasar Ispaniya, akwai wani masani, Pío del Río-Hortega, wanda ya gano hanyar rina su da ruwan azurfa. A 1924 ya ɗauki iyalinsa ya tafi can, ya zauna wajen wata shida a matsayin almajiri. Ya koyi ganin ƙananan ƙwayoyin da ke kewaye da jijiyoyi suna tallafa musu, waɗanda ake kira giliya. Da ya komo, shi da abokin aikinsa William Cone suka buɗe ɗakin bincike don nazarin raunin ƙwaƙwalwa.

A 1928 ya sake tafiya, wannan karo zuwa Breslau, wanda a lokacin garin Jamus ne, yanzu kuwa yana cikin Polan da sunan Wroclaw. Likita Otfrid Foerster yana can yana yi wa tsofaffin sojojin da harsashi ya sama a kai aiki. Ba ya sa su barci: yakan kashe zafin fatar kai kawai, ya taɓa ƙwaƙwalwa da lantarki don ya san inda ya kamata ya yanka. Penfield ya duba tabon da Foerster ya cire da rinin da ya koyo a Madrid, suka wallafa sakamakon tare a 1930. Cikin shekarar 1928 ɗin ce ya ƙaura zuwa Monreyal bisa gayyatar likita Edward Archibald, ya kama aiki a asibitin Royal Victoria da jami'ar McGill. Cone ya bi shi.

Aikin da ya yi wa yayarsa

Bai daɗe da sauka ba jarrabawa ta zo masa daga cikin gida. Yayarsa Ruth ta daɗe tana fama da ciwon kai da faɗuwa tun tana budurwa. A ƙarshen 1928 abin ya tsananta, aka kawo ta Monreyal. Ya duba ta, ya gane ƙari ne ya tsiro mata cikin ƙwaƙwalwa, ta wajen goshi, a gefen dama, kuma yana gab da makantar da ita. Likitoci ba su saba yi wa ɗan'uwansu na jini aiki ba. Amma bayan shawara da abokan aikinsa, ya ɗauki nauyin da kansa.

Cikin watan Disamba ya yi aikin, tana farke. Ya cire kusan dukan sashen goshi na dama, amma ƙarin ya yi saiwa can ciki inda wuƙa ba ta isa, jini kuma ya zuba da yawa, dole ya tsaya. Da aka duba naman, sai aka ga ya fito ne daga irin ƙwayoyin giliyar da ya yi nazari a Madrid.

Ruth ta tashi, ta koma gidan mijinta, hankalinta da maganarta ba su taɓu ba. Amma wata rana, fiye da shekara guda bayan aikin, ya kai mata ziyara, ta yi niyyar shirya abincin dare na mutum kaɗan. Da lokaci ya yi, ya tarar kayan girki suna warwatse, ta rasa wanda za ta fara da wanda za ta bi da shi. Kowane abinci ta iya dafa shi, amma tsara aikin gaba ɗaya ya gagare ta. Ƙarin ya komo, Cushing ya sake yi mata aiki a Bostan, ta rasu a 1931. Penfield bai ɓoye wannan labari ba. A 1935 ya rubuta shi cikin mujallar likitoci, don a san cewa sashen goshi yana da hannu wajen tsara al'amura, kuma duk abin da aka yanke daga ƙwaƙwalwa akwai abin da mai ita yake rasawa.

Cibiyar Monreyal

Tun yana Niyok yake da ra'ayin cewa mutum ɗaya ba ya iya wannan aiki. Yana son gida guda inda likitan fiɗa, da likitan jijiya, da mai duba nama a madubi, da masanin sinadarai za su zauna tare, gadajen marasa lafiya da ɗakunan bincike ƙarƙashin rufi ɗaya. Tambayar da ta taso a bakin gado a kai ta ɗakin bincike, amsar da aka samu a can a komo da ita bakin gado. Mutuwar yayarsa ta ƙara masa himma.

Ya nemi taimakon gidauniyar Rockefeller ta Amurka. Da farko ba a amsa masa ba, amma a 1932 gidauniyar ta ba da dolar Amurka miliyon 1 da dubu 232. Gwamnatin lardin Kebek, da hukumar birnin Monreyal, da wasu attajirai suka ƙara nasu. Ran 27 ga Satumba 1934 aka buɗe Cibiyar Nazarin Jijiyoyi ta Monreyal, ƙarƙashin jami'ar McGill, shi ne darekta na farko. Cikin wannan shekara ya zama ɗan ƙasar Kanada.

Wani abu kuma ya zo a kan kari. A 1929 Hans Berger, likitan garin Jena a Jamus, ya sanar cewa ana iya rubuta motsin lantarkin ƙwaƙwalwar mutum a kan takarda, ta hanyar liƙa wayoyi a fatar kai. Wannan na'ura ita likitoci ke kira EEG. A 1937 Penfield ya gamu da Herbert Jasper, wani masani da ya ƙware a kanta, wanda ya nuna masa cewa wurin da farfaɗiya ke tasowa yana barin alama mai tsini a takardar, ko da marar lafiya bai faɗi ba. Jasper ya ƙaura zuwa Monreyal, aka buɗe masa ɗakin bincike a 1939. Daga baya suka riƙa ɗora wayoyin a kan ƙwaƙwalwa kanta lokacin aiki. A 1938 kuma Merritt da Putnam, a Bostan, suka gano maganin fenitoyin bayan sun gwada sinadarai masu yawa a kan kyanwoyi. Saboda haka ba kowa ake yi wa fiɗa ba, sai wanda magani ya kasa, kuma aka tabbata cutarsa daga wuri ɗaya take fitowa.

Yadda ake aikin

Hanyar da suka kafa ita duniya ta sani da sunan hanyar Monreyal. Ana yi wa marar lafiya allurar kashe zafi a fatar kai, a yanke wani ɓangare na ƙoƙon kai a buɗe shi kamar ƙofa. Ita ƙwaƙwalwa ba ta jin zafin taɓawa ko yanka, don haka mutum yana kwance a farke, yana magana da wanda ke zaune kusa da fuskarsa. Likita ya ɗauki wata siririyar waya mai ɗauke da lantarki kaɗan, wanda sau da yawa ƙarfinsa bai wuce na duwatsun cocila biyu ko uku ba, ya taɓa ɓawon ƙwaƙwalwa, ya jira.

In yatsa ya motsa, ko marar lafiya ya ce leɓensa yana tsirawa, sai a ajiye ƴar takarda mai lamba a daidai wurin. Sakatare yana zaune bayan gilashi yana rubuta lambar da abin da ya faru. A ƙarshe a ɗauki hoton ƙwaƙwalwar da takardunta. Don a gane wurin magana, akan nuna wa mutum hotuna yana faɗin sunayensu. In an taɓa wani wuri magana ta ɗauke masa, an san nan ba wurin yanka ba ne.

Yawancin masu irin wannan farfaɗiya suna da alamar da ke zo musu kafin faɗuwa: wani ya ji wari, wani tsoro, wani kamar abu yana taso masa daga ciki zuwa maƙogwaro. Penfield yakan yi ta nema har ya taɓa wurin da ke tayar da wannan alama. Babu mai iya shaida cewa an kai wurin sai marar lafiya da kansa. In bayaninsa ya dace da abin da takardar Jasper ta nuna, sai a yanke naman da ya lalace. Aikin yakan ɗauki sa'o'i da yawa. Nauyin da ke kan likita kuwa shi ne: in ya cire kaɗan, cutar ta komo; in ya zarce, mutum ya tashi da shanyayyen hannu ko ya rasa magana. Cikin waɗanda aka yi wa aikin a sashen gefen kai, daura da kunne, kimanin rabi sun rabu da faɗuwa ko ta ragu musu ƙwarai.

Taswirar ƙwaƙwalwa

Ba don zana taswira ake buɗe kan kowa ba, don magani ne. Amma da takardu masu lamba suka taru, sai tsari ya fito. A 1937, shi da almajirinsa Edwin Boldrey suka wallafa abin da suka tattara daga mutane fiye da 100. Akwai ɗamara biyu da suka gangaro daga tsakar kai zuwa wajen kunne: ta gaba tana motsa jiki, ta baya tana karɓar jin taɓawa. Gefen dama na ƙwaƙwalwa yana kula da hagun jiki, na hagu yana kula da dama. Ƙafa tana can sama, sai gangar jiki, sai hannu, sai fuska da harshe a ƙasa. Wannan jeri ya bayyana dalilin abin da Jackson ya gani, na karkarwa mai tashi daga yatsa zuwa fuska.

Abin mamaki shi ne rabon fili bai bi girman gaɓa ba, ya bi yawan aikinta. Babban yatsa da leɓe da harshe sun ci fili mai faɗi, baya da cinya kuwa ɗan kaɗan. Wata mai zane, Hortense Cantlie, ta zana siffar ɗan ƙaramin mutum bisa wannan rabo, mai manyan hannuwa da ƙaton baki da siririn jiki. Hoton ya shiga littafin da Penfield ya rubuta da Theodore Rasmussen a 1950. A 1954 shi da Jasper suka fitar da babban littafinsu a kan farfaɗiya da aikin sassan ƙwaƙwalwa.

Tuna baya da mantuwa

Sashen gefen kai ya ba shi mamaki fiye da ko'ina. Wani lokaci in ya taɓa shi, mutum yakan ji ko ya ga abin da ya wuce kamar yanzu yake faruwa. Wata mace ta ji kiɗa, har ta riƙa bin sa da murya. Da aka ɗauke wayar kiɗan ya tsaya, da aka mayar ya komo. Wani saurayi ɗan Afirka ta Kudu ya ji dariyar ƴan'uwansa a gida, alhali ya san yana kwance a Monreyal. A 1963 Penfield da Phanor Perot suka ba da lissafi: cikin mutum 1132 da aka yi wa gwajin, 520 an taɓa musu sashen gefen kai, 40 daga cikinsu suka sami irin wannan. Penfield ya ɗauka ƙwaƙwalwa tana ajiye dukan abin da mutum ya taɓa gani ko ji, kamar faifai. Masu binciken da suka biyo baya ba su yarda da wannan fassara ba, domin abin ya faru ga kaɗan ne, dukansu masu farfaɗiya, kuma wani sashe nasa ya fi kama da mafarki.

Wannan sashe kuma shi ya jawo masa babban baƙin ciki. A farkon shekarun 1950, mutum biyu da ya cire wa wani ɓangare na gefen hagu sun tashi ba sa iya riƙe sabon abu. Sun san sunansu da sana'arsu, amma abin da ya faru ɗazu yakan ɓace musu. Brenda Milner, masaniyar halayyar ɗan Adam da ta zo cibiyar a 1950, ita ta auna su. Ita da Penfield suka yi zaton cewa wata gaɓa da ke can ciki, mai suna hipokamp, wadda kowane mutum ke da guda biyu, ta dama ta riga ta lalace musu ba a sani ba. Da aka cire ta hagu, sai suka rasa duka. Suka kai labarin gaban taron likitoci. Wani likitan Amurka, William Scoville, ya ji, ya sanar da su cewa shi ma yana da irin wannan marar lafiya, wanda ya cire wa gefe biyu a 1953. Nazarin da Milner ta yi masa ya tabbatar cewa hipokamp ita ce ƙofar ajiye sabon abu a zuciya. Shekaru bayan haka ɗaya daga mutanen Penfield ya rasu, aka duba ƙwaƙwalwarsa, aka tarar ta dama ta shanye kamar yadda suka zata.

Daga wannan asara aka koyi darasi. Aka daina cire gaɓar a gefe biyu. Aka kuma ɗauki gwajin da Juhn Wada, likita ɗan Japan, ya kawo Monreyal: a yi allurar da ke sa rabin ƙwaƙwalwa barci na ƴan mintoci, a ga ko ɗaya rabin yana iya ɗaukar magana da tunawa, kafin a sa wuƙa.

Ƙarshen rayuwa

William Cone ya rasu a 1959, bayan sun yi fiye da shekara 30 suna aiki tare. A 1960 Penfield ya sauka daga shugabancin cibiyar, Rasmussen ya gaje shi. Bai zauna ba. Ya rubuta littattafai, har da ƙagaggen labari a kan rayuwar Hipokrat. Ya yi ta kira ga iyaye da hukumomin ilimi cewa a koya wa yaro harshe na biyu tun yana ƙarami, lokacin da ƙwaƙwalwarsa ke da taushi, maganar da ta sami masu saurare a Kanada, ƙasa mai Faransanci da Ingilishi. A 1962 aka kira shi Mosko ya duba masanin kimiyya Lev Landau, wanda ya yi haɗarin mota. Sarauniyar Ingila ta ba shi lambar girma a 1953, Kanada ta ba shi tata a 1967.

Cikin littafin da ya fitar a 1975 ya bayyana cewa, bayan dukan shekarun da ya yi yana taɓa ƙwaƙwalwa, ya iya motsa hannun mutum, ya iya tayar masa da murya ko hoto, amma bai taɓa samun wurin da ke sa mutum ya yanke shawara ko ya gaskata abu ba. Saboda haka ya karkata ga cewa hankali bai tsaya ga naman ƙwaƙwalwa kaɗai ba. Masana da yawa sun saɓa masa a kan wannan. Ya rasu ran 5 ga Afrilu 1976, a asibitin Royal Victoria, da ciwon daji na ciki, yana da shekara 85. Tarihin rayuwarsa da ya rubuta da kansa ya fito a 1977, aka kuma sa wa wani titi na Monreyal sunansa.

Abin da ya bari

An gyara wasu ra'ayoyinsa. Ko taswirar ma, wani bincike da aka wallafa a 2023 a Amurka ya nuna cewa tsakanin filin ƙafa da na hannu da na baki akwai wurare masu haɗa motsin jiki gaba ɗaya. Amma tushen aikin ya tsaya. A 2001 likitocin Kanada suka raba mutum 80 masu farfaɗiyar gefen kai kashi biyu, waɗansu aka yi musu fiɗa, waɗansu aka bar su da magani. Bayan shekara guda, kashi 58 cikin 100 na waɗanda aka yi wa fiɗa sun rabu da faɗuwar da ke gusar da hankali, a ɗaya rukunin kuwa kashi 8 ne kawai. Har yau ana buɗe kai mutum yana farke in ƙari ko tabo yana kusa da wurin magana.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum wajen miliyon 50 ke da farfaɗiya, kusan kashi 80 cikin 100 a ƙasashe marasa wadata, kuma har kashi 70 cikin 100 za su iya rabuwa da faɗuwa in sun sami maganin da ya dace suna sha kullum. A ƙasashen Sahel, abubuwan da ke barin tabo a ƙwaƙwalwa sanannu ne: sanƙarau, da zazzaɓin cizon sauro in ya hau kai, da doguwar naƙuda, da haɗarin hanya. Cutar ba ta yaɗuwa ta miyau, ko taɓa jiki, ko cin abinci a ƙwarya ɗaya. Yawancin masu ita ba fiɗa suke bukata ba, ƙwayar magani ce mai araha kamar fenobarbital, da likitan da zai bi lafiyarsu. Abin da likita ke fara nema kuwa shi ne abin da Penfield ya riƙa nema a ɗakin fiɗa: marar lafiya da danginsa su faɗi yadda abin ke farawa, da gaɓar da ke fara motsi, da abin da mutum ke ji kafin ya faɗi.